Auna Ingancin Rayuwar Tsofaffi: Me Dattijon Batsari da Safana Ya Fi So Ya Iya Yi da Kansa?

Gabatarwa

Duk ɗalibin kimiyya ya san cewa ana auna zafin jiki da ma'aunin zafi, ana auna nauyi da sikeli, hawan jini kuma da na'urar da ake ɗaura wa mutum a dantse. Waɗannan ma'aunai suna nuna wa likita halin da sassan jiki suke ciki. To amma akwai tambayar da ba sa amsawa, wato yadda rayuwar mai jikin take tafiya tun daga asuba har zuwa dare. Tsofaffi biyu za su iya zuwa asibiti a Batsari da hawan jini iri ɗaya, ɗaya ya tako da ƙafarsa daga gida, ɗayan kuwa sai da jikokinsa suka tallafo shi a kan babur. A katin asibiti lambarsu ɗaya ce, amma a gida rayuwarsu ta sha bamban.

Wannan ne ya sa masu binciken lafiya suka ƙirƙiro wasu ma'aunai na daban, waɗanda ake kira ma'aunan ingancin rayuwa. Aikinsu iri biyu ne. Na farko su gano abin da tsoho yake iya yi wa kansa a harkokin yau da kullum. Na biyu, wanda ya fi wuya, su gano wanne ne daga cikin ayyukan nan ya fi muhimmanci a wurin shi tsohon.

Batun ya zama dole saboda tsofaffi suna ƙaruwa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, kuma za su kai biliyan 2.1 a shekarar 2050, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. A Nijeriya an sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, aka kuma amince da manufar ƙasa game da tsufa a 2021. Dokoki irin waɗannan suna buƙatar kuɗi, kuɗin kuwa ba ya isar kowace buƙata, don haka sai an san abin da za a fara sa wa hannu.

Lafiya a Ma'aunin Aikin Yau da Kullum

A shekarar 1963 wani likita ɗan Amurka mai suna Sidney Katz, tare da abokan aikinsa a wani asibitin tsofaffi da ke jihar Ohayo, suka fitar da wani jeri na ayyuka shida da suke nuna ko tsoho yana riƙe da kansa. Ayyukan su ne wanka, sa tufafi, zuwa bayan gida, tashi daga shimfiɗa ko kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci. Ana ba mutum maki ɗaya a kan kowane aiki da yake yi ba da taimako ba. Mai maki 6 yana cin gashin kansa, mai sifili kuwa komai sai an yi masa.

Shekara shida bayan haka, a 1969, wasu masana biyu, Lawton da Brody, suka ƙara wani jerin na ayyuka takwas da suka fi buƙatar tunani da zirga-zirga. Su ne amfani da wayar tarho, cefane, girki, gyaran gida, wanki, tafiya a mota, shan magani a kan ƙa'ida, da riƙon kuɗi. Har yau ana amfani da jerin nan biyu a asibitocin duniya.

A rahotonta na 2015 game da tsufa da lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan tunani ta mai da shi ginshiƙi. Ta bayyana tsufa cikin lafiya da cewa shi ne mutum ya ci gaba da iya yin abubuwan da yake ɗauka da daraja. Ta kuma nuna cewa iyawar nan tana fitowa daga haɗuwar abu biyu, wato ƙarfin jiki da na ƙwaƙwalwa a ɓangare guda, da kuma muhallin da mutum yake zaune a ciki. Tsoho mai ciwon gwiwa da rijiya take a tsakar gidansa ya fi iya wanka da kansa bisa ga mai irin ciwon da sai an ɗebo ruwa daga rafi.

Kowane Aiki da Nauyinsa

Ma'aunin Katz yana da rauni guda da ya fito fili. Ya ba kowane aiki maki ɗaya, kamar dai a ce rasa iya sa riga da rasa iya zuwa bayan gida nauyinsu ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san ba haka ba ne. Dattijon da ya yarda ɗansa ya sa masa riga, yana iya ƙin cin abinci don kada a kai ga ɗaukar sa zuwa bayan gida. Saboda haka sai masana suka ga lallai ne a san nauyin kowane aiki, kuma wannan nauyi sai an tambayo shi daga mutane. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a wannan fage shi ne wanda ake kira EQ-5D, wanda wata ƙungiyar masana ta Turai da aka kafa a 1987 ta fitar a 1990. Yana yin tambaya a kan abu biyar: iya tafiya, kula da kai, ayyukan da aka saba, ciwo ko rashin daɗin jiki, da damuwa ko ɓacin rai. A tsarinsa na farko kowace tambaya tana da amsa uku: babu matsala, akwai 'yar matsala, ko matsalar ta yi tsanani. Idan aka ninka 3 da kanta sau biyar, za a sami yanayin lafiya iri 243. Sabon tsarin mai amsa biyar yana ba da yanayi 3,125. Aikin masu bincike shi ne su ba kowane yanayi lamba, inda 1 take nufin cikakkiyar lafiya, sifili kuma yana daidai da mutuwa.

Hanyoyi Uku na Gano Zaɓin Mutane

Hanya ta farko ita ce ta tsani. Ana zana layi a tsaye kamar ma'aunin zafi, daga 0 a ƙasa zuwa 100 a sama, sai a ce wa mutum ya nuna inda lafiyarsa take a yau. Hanyar tana da sauƙi, sai dai ba ta tilasta wa mutum ya bar wani abu domin samun wani, alhali a nan ne ake gane ainihin abin da ya fi so.

Hanya ta biyu ita ce musayar shekaru, wadda George Torrance da abokan aikinsa suka gabatar a ƙasar Kanada a 1972. Ana ce wa mutum ya ɗauka cewa zai yi shekara 10 da wani ciwo, alal misali gwiwar da ba ta barin sa tafiya sai da sanda. Sai a tambaye shi shekara nawa na cikakkiyar lafiya zai yarda ya karɓa a madadin goman nan. Idan ya ce shekara 7 cikin lafiya daidai suke da 10 cikin ciwon, to nauyin wannan yanayi a wurinsa shi ne 7 bisa 10, wato 0.7.

Hanya ta uku ita ce ta zaɓi tsakanin yanayi biyu. Ana siffanta wa mutum tsofaffi biyu. Na farko yana tafiya ko'ina amma idanunsa sun dushe, na biyu yana gani sarai amma ba ya fita daga gida. Sai a tambaye shi wanne ya fi dama. Idan aka maimaita irin wannan tambaya da siffofi daban-daban ga mutane ɗaruruwa, ilimin ƙididdiga zai fitar da nauyin kowace siffa. Tushen lissafin yana cikin aikin Daniel McFadden, masanin tattalin arziki da ya sami kyautar Nobel a shekarar 2000. Akwai kuma wani reshe na hanyar inda ake ba mutum jerin abubuwa a ce ya nuna mafi kyau da mafi muni kawai.

Amfanin Lambar

Da zarar an sami nauyin, sai a ninka shi da yawan shekaru a sami abin da ake kira shekarun rayuwa masu inganci. A ɗauka, don misali kawai, wata tsohuwa a Runka tana da yanar ido, kuma nauyin rayuwarta a haka 0.6 ne. Idan aka yi mata aiki ta koma gani, nauyin ya hau zuwa 0.9. Bambancin 0.3 ne. In ta ƙara shekara 10 a duniya, ribar aikin ita ce 0.3 sau 10, wato shekara 3 masu inganci, ko da yake aikin bai ƙara mata ko kwana ɗaya ba.

Da irin wannan lissafi hukumomin lafiya suke kwatanta ayyuka mabambanta, kamar aikin ido da maganin hawan jini da raba sandunan dogarawa, su ga wanne ya fi kawo riba a kan kowace naira. A Ingila hukumar da ke tantance magungunan da asibitocin gwamnati za su saya, wadda aka kafa a 1999, da wannan ma'auni take aiki. Ke nan idan nauyin da aka yi amfani da shi ba na mutanen wurin ba ne, kuɗin zai tafi inda ba a fi buƙatarsa ba.

Abin da Tsofaffi Suka Faɗa da Bakinsu

Binciken da aka yi a wurare daban-daban ya nuna cewa amsar tsofaffi takan saɓa wa zaton likitoci da 'ya'yansu. A shekarar 2000 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a birnin Sidni na ƙasar Ostiraliya a kan mata 194 masu shekara 75 zuwa sama. Kashi 80 cikin 100 daga cikinsu sun ce gara mutuwa da su karye a ƙugu har a kai su zama a gidan kula da tsofaffi. Abin da suke tsoro shi ne rasa ikon kansu. A 2002 kuma wani bincike a Amurka a kan mutum 226 masu shekara 60 zuwa sama da ke fama da ciwo mai tsanani ya gano cewa kusan kashi 74 cikin 100 ba za su karɓi maganin da zai ceci ransu ba in zai bar su a nakashe ƙwarai, kusan kashi 89 kuma ba za su karɓa ba in zai bar su cikin gushewar hankali.

A ɗaya ɓangaren, wani bincike na 1999 a Amurka a kan mutum 153 masu nakasa ya nuna cewa fiye da rabinsu sun ce rayuwarsu tana da kyau ko ma kyau ƙwarai. Wato mai lafiya yakan ɗauka nakasa ta fi yadda take muni, wanda yake cikinta kuwa yakan saba ya sami dabarun zama da ita. Wannan ya jawo muhawara a kan wa ya kamata a tambaya, jama'a gaba ɗaya ko masu ciwon su kansu.

Har ila yau, da masana a Ingila suka zauna da tsofaffi suka saurare su, sai suka ga abin da tsofaffin suke daraja ya wuce lafiyar jiki. Daga hirarrakin aka gina ma'aunin ICECAP-O, wanda aka fitar da nauyinsa a 2008. Yana auna abu biyar: ƙauna da zumunci, kwanciyar hankali game da gobe, yin abin da ke sa a ga darajar mutum, jin daɗi, da cin gashin kai. A Nijeriya kuwa, binciken tsufa na Ibadan da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta daga 2003 ya tattauna da tsofaffi 2,152 masu shekara 65 zuwa sama a yankunan da ake jin Yarbanci, ya kuma nuna yadda ciwon damuwa yake rage wa tsofaffi ingancin rayuwa.

In An Kawo Ma'aunin Batsari da Safana

Ƙananan hukumomin Batsari da Safana suna yammacin Jihar Katsina, a gefen Dajin Rugu. Akasarin mutanensu Hausawa ne da Fulani, manoma da makiyaya. Mai binciken da ya shigo nan da takardar tambayoyi da aka tsara a Turai zai ci karo da matsaloli biyar.

Ta farko ita ce jerin ayyukan kansa. Ma'aunin Katz yana tambaya a kan tashi daga gado ko kujera, alhali tsohon Wagini ko Zakka daga tabarma yake tashi, kuma bayan gidansa na tsugunno ne, wanda yake buƙatar gwiwa mai ƙarfi fiye da na zama. Jerin Lawton yana tambayar namiji a kan girki da wanki, ayyukan da a gidaje da yawa bai taɓa yi ba ko yana da ƙarfinsa. Sa'an nan babu inda aka ambaci alwala, ko ruku'u da sujada, ko takawa zuwa masallaci, ko zagaya gona, ko zuwa suna da ta'aziyya. Ga tsohuwa kuma akwai riƙon jikoki, da tsinkar gyaɗa, da 'yar sana'ar cikin gida da take samun kuɗin goro da ita. Kafin a auna nauyi, sai an zauna da tsofaffin an ji daga bakinsu ayyukan da ya kamata a sa a jerin.

Ta biyu ita ce harshe da ladabi. In aka tambayi dattijo, "Baba, yaya jiki?" amsar ita ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," ko da bai runtsa ba daren jiya. Wannan gaisuwa ce da godiya ga Allah, kuma mai binciken da ya rubuta ta a matsayin rahoton lafiya ya yi kuskure. Tambayar da take fito da gaskiya ita ce wadda ta kama aiki guda: "Baba, jiya a tsaye kuka yi sallar asuba ko a zaune?" ko "Inna, ku kuka ɗauki butar da kanku ko miƙo muku aka yi?" Fassara ma tana da ƙa'ida. Ana sa mutum biyu su fassara takardar zuwa Hausa kowa daban, wasu su mai da ita harshen asali, a kwatanta, sa'an nan a gwada ta a kan mutanen ƙauye. Ta irin wannan hanya ce masana gashin ƙashi na Jami'ar Bayero ta Kano suka fitar da fassarar Hausa ta ma'aunin lafiya mai tambaya 12, wanda ake kira SF-12, a shekarar 2020.

Ta uku ita ce shekaru. Tsofaffi da yawa ba su da takardar haihuwa. Masu ƙidaya sukan yi amfani da kalandar abubuwan tarihi: samun mulkin kai a 1960, rasuwar Sardauna a 1966, canjin kuɗi zuwa naira a 1973, rasuwar Sarkin Katsina Usman Nagogo a 1981. Matar da ta ce an yi mata aure a shekarar canjin kuɗi, ana iya ƙiyasta shekarunta ba tare da yin nisa da gaskiya ba.

Ta huɗu ta shafi hanyar musayar shekaru. A wurin Musulmin da ya yi imani cewa ajali yana hannun Allah, tambayar shekara nawa zai bari daga rayuwarsa tana iya zama maganar da ba ta kamata ba. Mai yiwuwa ya ƙi amsawa, ko ya ce ba zai bar ko kwana ɗaya ba. In aka bi lissafi ido rufe, za a rubuta 1, wato cikakkiyar lafiya, ga mutumin da yake kwance. Shi ya sa hanyar zaɓi tsakanin yanayi biyu ta fi dacewa a nan. Akwai kuma dabarar tara tsakuwa, wadda masu binciken karkara suka daɗe suna amfani da ita da makiyaya a Afirka. Ana shimfiɗa hotunan ayyuka a ƙasa, a ba tsoho tsakuwa ko ƙwayar wake 20, a ce ya raba su gwargwadon muhimmancin kowane aiki. Dabarar ba ta buƙatar karatu, kuma tana tilasta zaɓi, domin duk tsakuwar da aka ɗora a kan gona an hana wa kasuwa.

Ta biyar ita ce muhalli. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a yankin nan. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana. A irin wannan lokaci tsohon da bai je gona ba, ko bai kira ɗansa a waya ba, yana iya zama lafiyarsa ƙalau. Dole takardar ta bambance wanda jiki ya hana da wanda hanya ta hana. Bugu da ƙari, iya tafiya yana samun wani nauyi na daban a wurin da ake gudun tsira cikin dare, kuma kwanciyar hankali game da gobe, wadda ma'aunin ICECAP-O yake aunawa, tana iya rinjayar ciwon jiki.

Bayan waɗannan akwai ƙa'idojin da ba a tsallakewa. Ana shiga gari ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa, amma yardar shi tsohon ita ce sharaɗi, kuma yana da ikon ƙi. Mace ce ya kamata ta tambayi tsohuwa, musamman a kan wanka da riƙe fitsari, saboda kunya. Sa'an nan a guji barin ɗa ko suruka su amsa a madadin tsoho yana zaune, domin abin da suke ganin ya fi damunsa sau da yawa shi ne abin da ya fi ba su wahala su.

Gwajin da Ɗalibai Za Su Iya Yi

Malamin kimiyya ko na lissafi zai iya sa ɗalibansa su gwada dabarar tsakuwa a gida. Kowane ɗalibi ya zana ayyuka shida a kan katuna: wanka da kai, zuwa bayan gida, sallah a tsaye, zuwa gona ko sana'a, ziyarar dangi, da riƙon kuɗin kai. Da farko ɗalibin ya raba tsakuwa 20 yadda yake zaton kakansa zai raba, ya rubuta ya ɓoye. Sa'an nan, bayan ya nemi izini cikin ladabi, ya ba kakan tsakuwar ya raba da kansa. A aji sai a tara sakamakon ba tare da sunan kowa ba, a fitar da matsakaicin kowane aiki, a kwatanta na jikoki da na kakanni, da kuma na maza da na mata. Tazarar da za a gani tsakanin zaton jika da zaɓin kaka ita ce ainihin abin da wannan fage na ilimi yake bincike a kai.

Kammalawa

Wasu ƙasashen Afirka sun riga sun tambayi mutanensu sun fitar da nauyin kansu na ma'aunin EQ-5D, kamar Zimbabuwe a 2003 da Habasha a 2020. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 domin inganta tsufa cikin lafiya, kuma ɗaya daga cikin buƙatun shirin shi ne samun ƙididdiga mai kyau game da tsofaffi. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, wadda ba ta da nisa da Safana, suna yaye matasan da suke jin harshen mutanen yankin, suka kuma san ladabin zama da manya. Daga cikin ɗaliban sakandare na yau ne za a sami masu wannan aiki, kuma sai da irin sakamakonsu ne hukuma za ta san ko sanda da tabarau da gyaran bayan gida za ta fara kai wa tsofaffin Ruma da Runka, ko kuwa wani abin da su tsofaffin suka fi ɗora wa tsakuwa.